Bindigar Kurege da Tabon Bayan Kunnenka

Ɗana Ishaya,

Kada ka sayi bindigar nan ta Danjuma. Kada ma ka je Samaru ka ɗaga ta ka ji nauyinta, sai ka karanta takardar nan har ƙarshe. Na san halinka da doguwar magana. Kakan karanta layi uku ka ninke, ka ce Mama ta fara wa'azi. To, na fara. Ka nemi kujera ka zauna.

Bayan wannan, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata mota ta sauke ku Manchok lafiya, kai da Rifkatu da jikata Alheri, ba abin da ya fashe cikin kaya. Allah ya sa ka shiga aikin koyarwar nan a sa'a, ya ba ka farin jini wurin yara da iyayensu, ya tsare ku a sabon wuri.

Na cusa takardar nan cikin buhun acca ne domin na san nan hannun Rifkatu zai fara shiga. Rifkatu 'yata, idan ke kika fara cin karo da ita, ki karanta, ban hana ki ba. Na gaji da ɓoye-ɓoye, za ki ga dalili a gaba. Idan kin gama ki miƙa masa, ki tsaya a kansa har ya kai ƙarshe.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sujada, muna cin fate, kawunka Ayuba yana ba ka labarin gonar da ya bar maka a bayan Manchok. Ya ce ƙasa ce mai kyau ga gyaɗa, sai dai kurege ya mai da wurin gidan ubansa: ka shuka da safe, kafin yamma ya bi kunya yana tone iri ɗaya bayan ɗaya. Ka yi dariya ka ce ai an gama da shi, abokinka Danjuma yana da mai baki biyu yana neman mai saye. Kowa ya yi dariya. Ni cokalina tsayawa ya yi. Akwai surukai a wurin, kuma abin da zan faɗa ba irin wanda nake faɗa kaina a sama ba ne. Ka saba ji ina lissafa laifin mutane. Yau nawa zan lissafa, kai kuma ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Lokacin da muke sabon aure da babanka Bitrus, a kwatas ɗin reluwe muke zaune a nan Kafanchan, ɗaki biyu da kicin a baya. Kai kana goye. Muna da 'yar gona a gefen layin dogo, gyaɗa da masara, kurege kuma ya dame mu kamar yadda zai dame ka. Babanka cikin maharba ya taso, amma ba shi da bindiga tasa. Da tarko yake fama, yau ya kama, ya yi kwana goma bai kama ba. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na gama sakandare, ni ke karanta wa matan unguwa wasiƙa, ni ke rubuta rahoton zumuntar mata ta ikilisiya. Akwai wata a zumuntar wadda mijinta ke da doguwar bindiga, duk haɗuwa sai ta ba mu labarin naman da ya kawo. Ba kwaɗayin nama ne ya kama ni ba, Ishaya, hassada ce. Ba na so a ce mijin wance ya fi nawa.

Da na sayar da cittar wannan shekarar, ban yi shawara da kowa ba, na hau mota na tafi wata kasuwar ƙauye wurin wani tsohon maƙeri da ake yabo. Ya jero mini harbi-ka-ruga huɗu a jikin bango. Ya tambaye ni me maigida zai harba da ita. Na ce wannan ba ruwansa, ya ba ni wadda ta fi tsawo. Ya ce wannan ta aladen daji ce, Madam. Na ce ita nake so. Sau uku tsohon nan yana maimaita tambayarsa, ni kuma na ɗauka raini ne don ni mace ce. Na naɗe ta cikin tabarma na kawo gida, ina tafe ina taƙama.

Babanka ya karɓa ya yi godiya, ya juya ta, ya leƙa bakinta, bai ƙara komai ba. Ka san shi da shiru. Da Asabar ta zo ya saɓa ya tafi gona. Da tsakar rana muka ji ƙarar har kwatas, kaji suka watse. Na ɗora ruwan zafi ina jira. Ya shigo yana dafe da kafaɗarsa ta dama, ya sa hannu a aljihu ya ciro wutsiyar kurege, ya ajiye mini a kan faifai.

"Ga naman miya, Maman Ishaya," in ji shi. "Sauran yana cikin kunya uku da na nome miki da harbi ɗaya."

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne tambayar maƙerin. Kafin ka zaɓi bindiga, ka amsa wa kanka me za ka harba. Kurege bai kai kaurin damtsenka ba. Ba ya kawo hari, ba ya nisa da raminsa. Miƙewa yake yi a kan ƙafafunsa na baya yana kallonka daga taku ashirin, gyaɗarka a bakinsa. Abin da ke tsaye a taku ashirin ba ya bukatar bindigar da ke kai ƙetaren rafi. Ƙarfin da ya wuce kurege ba ɓacewa yake yi ba, wani wuri yake tafiya. A gonakinmu kuwa abin da ke bayan kurege shi ne matar wani a sunkuye tana cire ciyawa, da zane mai launin ƙasa. Mai baki biyun Danjuma don abin da ya fi ka nauyi aka ƙera ta. Me ya haɗa malamin makaranta mai gonar gyaɗa da ita?

Bayan mako biyu babanka ya fita da doguwar, ya dawo da wata 'yar gajeriya mai siririn baki, gindinta ya sha hannu har ya yi santsi. Musaya ya yi da wani maharbi na bayan duwatsun Kagoro mai bin alade. Na ji kamar ya mare ni a gaban jama'a. Na ce ya mai da kyautata abin wasan yara. Wata uku ina ajiye masa abinci ba na zama kusa da shi. Kurege kuwa ya fara shiga tukunya cikakke, da kansa da ƙafafunsa. Na ci, na suɗe hannu, ban taɓa buɗe baki na ce ya yi daɗi ba. Allah ya gafarta mini wannan taurin kai.

Wadda ta fara taɓa mini zuciya maƙwabciyarmu ce, Mama Nkechi, Ibo ce mai sayar da gari da manja, mijinta yana gyaran inji tare da babanka. Muna shanya a igiya ɗaya ina ta ƙorafi a kan musayar. Ta bari na gama, sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa:

"Mama Ishaya, ni na gode Allah da ya canja shi. Ranar da mijinki ya wuce da dogon abu nan, yarana sun shiga ƙarƙashin gado. Mu mun taɓa gudu, mun san ƙara. Wannan ƙarami, kowa ya gani ya san na kurege ne."

Maganar ta zauna mini, yau kuma ta fi da zama gaskiya. Ka san irin zaman da muke yi a ƙasar nan tamu, ba sai na rubuta ba. Kai baƙo ne a unguwar da ka sauka, ko da yake garin kawunka ne. Ba wanda zai tsaya ya tambaye ka don me ka sayi bindiga, ido ne zai yanke hukunci. Idan suka gan ka da 'yar ƙarama za su ce Malam ya tafi faɗa da kurege, su yi maka ba'a, kai ma ka yi dariya. Idan suka gan ka da mai baki biyu, ka zama mai bindiga ke nan. Ranar da wata jita-jita ta tashi, ƙofarka samari za su fara bugawa, kuma ba harbin kurege za su kira ka ba. Mai kiwo a gefen gonarka shi ma zai gani, ya gaya wa 'yan'uwansa. Ƙara ɗaya daga gonarka da rana tsaka ta isa ta tayar da kasuwa, mata su watsar da kaya su suri yara. Ban raine ka don ka zama wannan mutumin ba. Koya wa yara karatu ka je yi.

Kowace iri ka saya kuma, ka fara zuwa ofishin 'yan sanda ka tambayi abin da doka ke bukata, a yi maka takarda da sunanka. Kada ka ce ai ƙarama ce. A hanyoyinmu akwai shinge, wanda ke tsaye a shingen kuma yana da gaskiya idan ya tambaye ka. Ka kuma tambayi kanka me ya sa Danjuma ke son rabuwa da tasa da sauri haka, da sunan wa take, ta hannun mutum nawa ta bi kafin ta zo gare shi. Ban ce yaron banza ba ne, na san uwarsa, tare muke waƙa. Amma bindiga ba rediyo ba ce da za a saya hannu da hannu a bayan shago.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Babanka yana da wata al'ada. Idan ya taso daga gona bai sami abin harbi ba, bindiga da ɗurinta, ba ya shigowa da ita haka. Akwai wani babban suri a bakin gonarmu. Sai ya zagaya shi sau ɗaya a hankali, ya tsaya, ya saita bakin bindiga a jikinsa ya harba, sannan ya kamo hanyar gida. Haka ubansa yake yi, haka babanmu da kawunka Ayuba suke yi a ƙauye. Tun ina yarinya nake gani. Amma ni na yi makaranta, na yi baftisma, na riga na yanke a raina cewa duk abin da tsofaffin maharba ke yi a gindin suri ko gindin itace ragowar tsafi ne. Mutum ya zagaya suri ya ba shi albarushi, mene ne wannan in ba hadaya ba? Haka na ce masa. Na ƙara da cewa albarushi ba a rafi ake ɗibarsa ba.

Ya yi mini bayani, ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba. Ya ce harbi-ka-ruga ta baki ake ɗura ta, in an ɗura kuma babu hanyar fitar da abin da ke ciki da ta fi a harba. Suri ƙasa ce mai kauri, tana haɗiye ƙwaya ba ta mayar wa kowa. Zagayen kuwa, dubawa yake yi ko akwai mutum ko akuya a baya. Na ji da kunne, amma bai shige ni ba, domin na riga na ji daɗin zama mai tsarki a gidan. Na ce ko ya daina, ko in kai maganar gaban dattawan ikilisiya. A lokacin ana shawarar sa shi cikin masu hidima, na san inda na taɓa. Ya ce to. Daga ranar ya riƙa shigowa da ita da ɗurinta, ya ɗora a kan katakon rufi a ɗakin kwana inda hannu ba ya kaiwa, ya ce kada kowa ya taɓa ta, har ni.

Ka ji wannan da kyau, kai da ka fi ni karatu. Idan ka ga tsohon maharbi yana yin abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka sa masa suna. Ba duk abin da kakanninmu suka yi ne duhu ba. Akwai abin da sai da aka zubar da jini kafin aka koye shi. Ban bar tsafi ya shiga gidana ba, har gobe kuma ba zan bari ba. Amma ranar nan hankali na kora, na kira abin da na yi bangaskiya.

Cikin watan Agusta ne, kana shekara huɗu, daidai shekarun Alheri yanzu. Ka san ruwan Kafanchan in ya sa kai, a yi mako ba a ga rana ba. An tura babanka bin layin dogo na 'yan kwanaki. Kwano ya fara yoyo daidai kan katakon da bindigar take. Na hau kujera na taɓa ta, na ji ta jiƙe sharkaf. Na ce a raina in ta yi tsatsa zai ce ban kula da kayansa ba. Na sauko da ita, na ɗaure da igiyar rama, na rataye a kicin bisa murhu, inda muke rataye masarar iri ta sha hayaƙi. Na so in rubuta maka cewa na manta da abin da ke cikinta. Ban manta ba. Ban ɗauke shi a bakin komai ba ne.

Kwana biyu tana shan zafi, igiyar tana cinyewa a hankali ban lura ba. Rana ta uku da hantsi na gasa maka masara, ka zauna a ƙasa ka jingina da turmi kana ci. Ruwa ya tsagaita, na fita tsakar gida in kwashe itacen da na bari a waje. Ban yi taku goma ba na ji ƙarar.

Ban san yadda na koma ba. Hayaƙi ya cika kicin, randa ta fashe, ruwa yana malala a ƙasa. Bindigar tana kwance a gefen murhu da guntun igiya a jikinta. Kai kuma kana zaune inda na bar ka, masararka a hannu, jini yana bin wuyanka yana shiga riga, ko kuka ba ka yi. Ban taɓa jin abin da ya kai shirun nan naka muni ba. Na zube a bakin ƙofa. Mama Nkechi ce ta tsallake ni ta shiga, ta cire ɗankwalinta ta danne bayan kunnenka. Sai a lokacin ka tsala ihu. Ta juyo ta ce mini, "Yana kuka, Mama Ishaya. Tashi ki riƙe ɗanki." Mijinta ya ɗauke mu a mashin zuwa asibiti, ruwa ya dawo yana dukanmu.

Ba ƙwayar bindiga ce ta same ka ba. Tsingaron randa ne ya yi tsalle ya yanke ka. Aka ɗinke, aka sallame mu kafin yamma. Ƙwayoyin kuwa, kaɗan ne suka sami randa, sauran duka turmi ya shanye ta gefen da ke kallon murhu. Kai kana ɗaya gefen.

Washegari babanka ya dawo. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce in tattara kayana. Ya duba ɗinkin, ya ɗauke ka ya daɗe yana rungume da kai. Sannan ya shiga kicin ya tsuguna gaban turmin, yana bin ramukan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a bayansa.

"Ki gode wa Allah ta kurege ce, Saratu," ya ce. "Da doguwar nan taki ce, da turmin nan bai tare komai ba."

Iyakar abin da ya faɗa a kan laifina ke nan, daga ranar har Ubangiji ya kira shi. Bai taɓa goranta mini ba, ko cikin faɗa. Asabar ta gaba ni na bi shi gona. Da aka tashi na tsaya ina kallo yana zagaya surin, na ce masa ya yi a hankali ya duba da kyau. Bai yi dariya ba, na kuwa gode masa da hakan.

Kana da rai ne, Ishaya, saboda alherin Allah, Allah kuma ya bi ta hannun mutumin da ya jure fushin matarsa wata uku ya zaɓi ƙaramar bindiga. Duk ranar da ka dawo daga aski tabon ya fito fili, nakan shiga ɗaki in ja ƙofa. Kun ɗauka ciwon kai ne. Durƙusawa nake yi. Ina gode wa Ubangiji don babanka. Ina gode masa don maƙerin da ya tambaye ni sau uku, ko da yake ban ji ba. Ina gode masa don Mama Nkechi, wadda har ta koma garinsu ba ta buɗe wa kowa maganar ba, har ma don wanda ya sassaƙa turmin bai yi rowar itace ba. Ranar da ka gama makaranta, ranar aurenka, ranar da aka miƙo mini Alheri cikin tawul, mutane sun ga ina hawaye sun ce Maman Ishaya ma ashe tana da taushi. Abin da nake gani shi ne, tsakanin waɗannan ranakun da rashinsu, kaurin turmi ne kawai.

Saura laifi ɗaya, shi ne wanda na yi maka kai tsaye. Ka taso kana gaya wa mutane a kan layin dogo ka faɗi ka sami tabon nan. Ni na koya maka. Har na yi amfani da shi na hana ka wasa a layi, na ce dubi abin da rashin jin magana ya jawo maka. Na ɗora wa ɗan shekara huɗu laifina, na kuma yi masa wa'azi a kai. Babanka ya so a gaya maka da ka girma, na roƙe shi ya bari, domin ni ce sakatariyar zumunta, ni ce mai gyara wa matan mutane zama. Ya bari. Ka yafe mini, ɗana. Ba don in sa ka fasa ciniki nake roƙo ba. Gaskiyar taka ce, na riƙe maka ita fiye da yadda ya kamata.

Gidan da ke da bindiga bai kamata ya zama gidan ɓoye-ɓoye ba. Rifkatu ta san inda take, ta san yadda ake gane ko akwai abu a ciki, ta san abin da ba a yi da ita. Kada ka ce mata wannan sha'anin maza ne. Kai kana aji da rana, ita ce a gida da yoyo da yarinya.

To, me za ka saya? Ka fara da tarko a bakin ramuka, ka share ciyawar iyaka inda yake fakewa. Kada ka sa guba. Na taɓa barbaɗa maganin ɓera a kunya, kurege bai ko shinshina ba, kajin maƙwabta biyar suka tafi. In tarko bai isa ba, ka nemi bindigar iska, irin wadda ake karyawa a sa ƙwayar darma ɗaya. Ba albarushi, ba wuta, ba abin da damina za ta jiƙa har wata mai dabara ta rataye a murhu. Ƙararta ba ta fi tafi ba, ba za ta tayar da kasuwa ba. Ƙwaya ɗaya kuma tana koya wa mutum haƙuri. Dole ka matso, ka tabbata abin da ke gabanka kurege ne, ka ga ƙasa a bayansa, sannan ka taɓa kunamar bindigar. Amma kada sunan iska ya ruɗe ka. Tana fasa ido, tana iya kashe yaro. Kada ka harba wajen hanya, kada ka harba sama, kada ka harba inda dutse yake baya, domin ƙwaya tana dawowa daga dutse, Manchok kuma ba ta rasa duwatsu ba. Abin da ka harba ka ci shi, ka ɗan aika wa maƙwabci. Ranar Lahadi kuwa kurege ma yana hutu.

Kada ka je saye kai kaɗai, kada kuma ka je da abokanka. Ka ɗauki kawunka Ayuba, na riga na yi masa magana a waya. Zai sa ka ɗaga ta ka riƙe ya ga ko hannunka yana rawa, domin wadda ta yi maka nauyi a shago ninkawa za ta yi a gona. Zai leƙa cikin bakin ya ga ko akwai tsatsa ko lanƙwasa. Zai gwada kunamar, mai saki da ɗan taɓi kaɗan ka bar ta ko kyauta aka ba ka. Idan ya ce a'a, a'a ce, ko da kana ganin tsohon bai zauna a aji ɗaya ba. Idan ya maimaita maka tambaya sau uku, kada ka ce raini ne.

Danjuma zai yi maka dariya, ya ce Malam ya sayi ta yara. Ka bar shi ya yi. Ni ma na faɗi haka ga mutumin da ya fi ni hankali.

Jiya da ake loda kaya kun yi ta gardama da ni a kan tsohon turmin nan. Rifkatu ta ce akwai sababbi a kasuwar Manchok, kai ka ce ba wuri a mota. Na ce sai an ɗauka, na ji kana gaya wa direba a hankali wai rigimar tsufa ce. Kunnena lafiya yake. Yanzu ka tashi ka je ka juya shi. Ramukan da ka tambaye ni kana yaro na ce maka ƙwaro ne, ka sa yatsa ka bi su. In ka kankare ɗaya da wuƙa za ka ga darma a ciki. Ku riƙa daka a cikinsa, bai mutu ba. Ranar da Alheri ta tambaya, ku gaya mata gaskiya, har da sunan wadda ta rataye bindigar.

Ka gaishe mini da kawunka da iyalinsa, da fastonku in kun sami ikilisiya, kada kuma ku ɗauki wata guda kuna nema. Ka gode wa Rifkatu da haƙurin zama da ni shekara biyar, na san ba sauƙi. Ka gaya wa Alheri kazarta ta fara ƙwai, kakarta tana ajiye mata. Ubangiji ya kiyaye ku a hanya, a gona da cikin gida. Ya sa gyaɗa ta yi 'ya'ya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa kada hannunka ya taɓa zubar da jinin da ya fi na kurege. Amin.

Ni ce mahaifiyarka, Saratu, ga kuma dokar da na kafa. Ta gidana ce, ta gidanka ce, ba ta da ranar hutu. Bindigar da ta fi ƙarfin kurege ba za ta shiga gidan ɗan Bitrus ba. Wadda ta shiga kuma, ba ta ƙetare ƙofa da abu a cikinta. Ka nemi suri a bakin gonarka tun kafin ka sayi bindigar. Duk ranar da ka taso, ka zagaya shi, ka duba bayansa, ka harba a ciki. A bakin ƙofa ka miƙa wa Rifkatu ƙwayoyin ta kulle a akwatinta, sannan ka shigo ka ɗauki 'yarka.